Bututu Na Bakwai

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Talata aka bugo wa caji ofis cewa an ga gawa a ruwan madatsar Studen Vir. Sufeto Rumyana Kehayova ta ajiye kofinta ko hucewa bai yi ba, ta zari makullin mota.

"Sajan, tashi. Banitsar nan ba guduwa za ta yi ba."

Sajan Asen Dulev ya nannaɗe ragowar wainar cukun a takarda ya cusa aljihu. Shekara talatin da ɗaya yana aikin ɗan sanda, saura wata biyar ya yi ritaya, kuma bai taɓa barin abinci a kan tebur saboda gawa ba. A cewarsa, mamaci ba ya gaggawa.

Hanyar madatsar ta yi ta murɗewa cikin duwatsu. A kwanar ƙarshe wayoyinsu suka kamo sabis sanda ɗaya tak, suna gangarawa kuma ya ɗauke.

Sun tarar an riga an tsamo gawar an lulluɓe ta da bargo. Nayden Karov ne, wanda ake kira Bai Nayden don girmamawa, mai gadin madatsar, ɗan shekara sittin da huɗu. A kan ƙarfen gadar da ke saman bangon kuwa ga kwat ɗinsa a ninke tsaf, hannuwa a ciki, hula a kai, wayarsa a aljihu.

Wani dogon mutum mai gogaggen takalmi ya miƙo hannu.

"Velin Manchev, babban injiniya. Ni na gan shi, ni na kira ku."

"Ƙarfe nawa ka iso?"

"Goma saura. Daga gida na taho."

"Me kake gani ya faru?"

Injiniyan ya sunkuyar da kai. "Ba na son faɗa, Sufeto. Amma ƙarshen shekara za a sallame shi daga aiki, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya sha cewa shi da madatsar nan mutu-ka-raba. Ƙarfe bakwai ya kira ofis ya aika da awon safe kamar kullum. Ya gama aikinsa, ya ninke rigarsa…" Ya nuna ruwan da haɓa.

Rumyana ta shiga ɗakin gadi. Ƙarar ruwan da ke zuba ta ƙasa ta cika ɗakin, sai an ɗaga murya ake jin juna. A kan taga akwai wani akwatin ƙarfe mai lasifika, wayoyi bakwai sun fito daga bayansa sun nutse cikin bango. An cire shi daga wuta.

"Wannan fa?"

"Shi ke karanta bututun awo. Na tarar ya lalace, na cire. Ƙa'ida ta ba mu mako guda mu gyara. Kafin nan zan riƙa rubuta awon da hannu."

"Ranar da mai shi ya mutu, ranar ya lalace."

"Tsoho ne shi ma," in ji Velin.

Ta rubuta wannan a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Gidan mamacin yana Dolna Yasika, ƙauyen da ke kwance daidai ƙasan bangon madatsar. An rufe madubai da baƙin ƙyalle alamar makoki, amma babu kyandir, babu ƙamshin turare. Matarsa Tsveta, wadda ake kira Lelya, wato inna, na zaune a kicin da kwanon wake a gabanta, idonta a bushe.

"Fada ya zo ya tafi," ta ce tun kafin su zauna. "Ya ce in dai takardarku ta ce shi ya kashe kansa, ba zai shiga da shi coci ba, ba zai karanta masa komai ba. Can bayan katanga za a sa shi ranar Juma'a, kamar an binne kare. Ba laifin Fada ba ne, haka dokar take. Amma ƙarya ce, 'yata."

"Me ya sa kika ce ƙarya ce, Lelya?"

Ta turo kwanon. "Da asuba ya ce in jiƙa masa wake, miyar wake yake so da yamma. Wanda zai faɗa ruwa ne ke sa a jiƙa wake?"

"Yakan faru," in ji Rumyana a hankali. Ba ta son ba tsohuwa begen da ba ta da tabbas a kansa. Ta fito da hoton da ta ɗauka. "Kwat ɗinsa ne wannan?"

Tsveta ta kawo hoton kusa da ido. Sai ta yi wata 'yar dariya mai zafi.

"Nasa ne. Amma wa ya ninke?"

"An ce shi."

"Nayden? Shekara arba'in da ɗaya ina bin mutumin nan ina tsince riguna. A kan kujera, a kan murhu, har kan kejin kaji. Ranar aurenmu ma sai da ya zauna a kan kwat ɗinsa. Ko da bindiga kika tsare shi bai san yadda ake mayar da hannun riga ciki ba."

Sajan Asen ya yi gyaran murya ya kalli rufi. Shi ma matarsa takan faɗi irin wannan.

"Akwai abin da ke damunsa kwanan nan?"

"Bututu na bakwai. Da shi yake kwana, da shi yake tashi. Wai yana gumin laka. Ni ban san kan zancen ba."

"Yana da abokin faɗa?"

"Kolyo, abokin aikinsa. Kan awaki. Sun kusa dambe a watan jiya."

Da za su fita tsohuwar ta riƙo hannun rigar Rumyana. Ba ta roƙa ba, ta dai ce, "Juma'a, ƙarfe sha ɗaya."

"Na ji, Lelya."

Ran Laraba da safe rahoton likita ya iso, kuma bai tsinana komai ba. Ruwa ya shiga huhu, akwai rauni a ƙeya wanda faɗuwa ma kan iya jawowa, sanyin ruwa kuma ya hana a san lokacin mutuwa, tsakanin biyar ne da tara. Shugaban ofis ya karanta ya ture takardar.

"Kehayova, mutum ya yi waya ƙarfe bakwai da bakinsa. Me kuma kike nema? Rufe fayil."

"A ba ni zuwa gobe da yamma, yallaɓai."

"Saboda riga?"

"Saboda riga."

Ya san ta. In ta kafa ƙafa, gara mutum ya je ya ture dutse. Ya ɗaga hannu alamar ta je ta ƙarata.

Ofishin hukumar ruwa yana bayan kasuwa, hawa na biyu. Can suka sami Bistra Uzunova, wata siririyar mata mai tabarau rataye a wuya, wadda ta shekara goma sha biyu tana karɓar awon madatsar. Idonta ya yi ja.

"Ki yi mini bayani kamar ni ƙaramar yarinya ce," in ji Rumyana. "Yaya akwati ke magana ta waya?"

"A can sama intanet ba ya kaiwa, sai dai kira, shi ma a wuri biyu kaɗai: tagar ɗakin gadi da kwanar nan ta sama. To Bai Nayden tsohon mai rediyon soja ne, shi ya haɗa akwatin da hannunsa. Akwatin yana karanta bututu bakwai da ke cikin bango masu auna ruwan da ke ratsa shi, ya mayar da alƙaluman sauti. Kullum ƙarfe bakwai mai gadi zai kira wannan kwamfutar, ya ɗora waya a bakin lasifika, ita kuma ta sake mayar da sautin alƙaluma."

"Shi ke nan?"

"Ina fa. Wayar hannu marowaciya ce, Sufeto. Ba duk abin da ta ji take aikawa ba. Matse sauti take kamar ana matse tsumma, ta aika da abin da ya yi kama da maganar mutum, sauran ta zubar. Da farko fito akwatin yake yi, waya ta ce hayaniya ce, ta haɗiye. Wata shida yana fama. Daga ƙarshe ya koya masa gunaguni irin na tsofaffi, sannan waya ta yarda ta ɗauka."

"In ba a kira ba fa?"

"Bakwai da kwata kwamfuta za ta sanar da hedkwatarmu ta Sofiya da kanta. Haka ma in wani bututu ya haye jan layi. Ba ta neman izinin kowa."

"Kunna mini kiran jiya."

Da farko ƙarar ruwa ta taso, ta dishe cikin daƙiƙa biyu. Sai murya mai kauri ta ce, "Ina kwana, Bistra. Ga tsoho zai yi ƙorafinsa." Aka ɗan yi shiru. Sannan wani gunaguni ya biyo baya, yana hawa yana sauka, kamar dattijo yana mita a bayan ƙofa.

Bistra ta share ido. "Kullum haka yake cewa, ko kalma ba ya canzawa. Amma tun jiya abin ke cina. Muryar ta shaƙe, tasa da ta akwatin duka."

"Mura?"

"Akwati ba ya mura. Duba nan. Kullum kwamfuta kan gyara kuskure biyu ko uku. Jiya talatin da huɗu ta gyara. Kin taɓa yin kwafin takarda, sannan ki yi kwafin kwafin? Haka yake fita, dishi-dishi. Sautin nan sau biyu waya ta matse shi."

Rumyana ta ajiye biro. "Wato wani ya kunna tsohon kira a bakin wayar Bai Nayden."

"Ni dai abin da kunnena ya ji na faɗa."

"Sake kunnawa," in ji Sajan Asen daga inda ya jingina. "Wurin shirun nan. Ƙara murya."

Ta ƙara. Can ƙasa-ƙasa, tsakanin gaisuwa da gunaguni, wani abu ya buga sau uku. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

"Ƙararrawa ce," in ji Bistra. "Ita tangaran ta fito, ba ta shaƙe ba. Sau ɗaya aka matse ta."

"Ba kin ce waya na haɗiye hayaniya ba?"

"Wadda ba ta canzawa, kamar ruwa ko inji. Takan saurara ta gane ta, sannan ta share. Amma abin da ya faɗo kwatsam, kafin ta farga ya wuce."

Sajan ya yi murmushi har kumatunsa suka rufe ido. "Ni ɗan makiyaya ne, Sufeto. A duwatsun nan kowane garke da muryarsa, mutum kan kwashe shekaru yana haɗa ƙararrawar da za su dace da juna. Wannan babbar ta jagora ce, kuma a tsage take. Mutum ɗaya ne a kwarin nan rowa ta hana shi sauya tsagaggiyar ƙararrawa."

"Kolyo?"

"Kolyo."

Rumyana ta miƙe. "Bistra, bincika mini tsofaffin kira. Ki nemo ranar da alƙalumanta suka yi daidai da na jiya, bututu bakwai duka. Kada ki gaya wa kowa a ginin nan."

"Kira ya fi dubu huɗu."

"To fara."

Sun sami Kolyo Shopov a bayan gidansa yana gyaran shinge. Gajere ne, mai gashin baki kamar tsintsiya, kuma tun kafin a tambaye shi ya fara amsawa.

"Jiya ba ranar aikina ba ce. Ina kwance har tara. Bayana ke ciwo."

"Awakinka fa?"

"Suna garke."

"Duka?"

"Duka. Ko ku tambaye su."

Rumyana ta ɗora wayarta a kan gungumen itace ta kunna. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal. Daga cikin garken wani ƙaton bunsuru mai gemu ya ɗago kai ya girgiza wuya, ƙararrawarsa ta amsa da murya iri ɗaya sak.

"Ga shi mun tambaya," in ji Sajan. "Ya fi ka gaskiya, kuma ya fi ka ƙamshi."

Kolyo ya jefar da guduma. "To, na kai su kiwo! Laifi ne?"

"Ina?"

"Gangaren kwanar sama."

"Inda aka kafa allon hana kiwo."

"Ciyawa ce Allah ya fitar, ba hukuma ba. Da Nayden ke hana ni, wai kofato na zaizaye ƙasa. Mun yi cacar baki, gaskiya ne. Amma ban taɓa shi ba, na rantse da kabarin uwata."

"Wayar mamaci ta yi kira ƙarfe bakwai, bunsurunka na tsaye kusa da ita. Ko kai ka riƙe wayar, ko ka ga wanda ya riƙe."

Kolyo ya kalli ƙasa, ya kalli dutse, ya kalli bunsuru. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ake yi.

"Ban ga kowa ba. Hazo ne."

"Jiya garau gari ya waye."

"To idona ne ba shi da kyau."

A mota Sajan ya ce, "Mu tafi da shi mana. Biri ya yi kama da mutum."

"Kolyo ko saƙo bai iya turawa ba. Ina zai samo tsohon kira? Tsoro yake ji, kuma ba mu yake tsoro ba. Bar shi ya kwana da abin."

Ita ma da abin ta tashi ran Alhamis. Rana ta ɗaga, sha ɗaya ta wuce, ba labari daga Bistra. A hanyarta ta zuwa ofis ta ga an riga an manna takardar sanarwar rasuwa a jikin bishiyar dandali: hoton Bai Nayden yana dariya, ranar binnewa, amma ba sunan coci. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta tsaya a bakin titi ta kira Bistra.

"Yanzu nake shirin kiranki," in ji Bistra. "Sha huɗu ga Maris. Bututu bakwai duka, har ɗigon ƙarshe."

"Wa ke da wannan kiran?"

Ta ji Bistra ta ja hanci.

"Bistra."

"Ni na tura wa Injiniya Manchev. A wayarsa. Ya je taro Sofiya a watan Afrilu, ya ce yana son kira mai tsabta ya kunna wa manya su ji yadda muke aiki. Ni na zaɓa masa da hannuna."

"Bututu na bakwai fa, kafin Talata?"

"Sati uku yana hawa. Ran Litinin saura ƙiris ya taɓa jan layi. Na kai masa takarda, ya ce bututun ne ya toshe. Ran Talata sai na ga ya sauko, har na ji daɗi." Ta fashe da kuka. "Har na ji daɗi, Sufeto."

"Share hawayenki. Ki zauna gaban kwamfutar nan, kada ki motsa. Ƙarfe uku za a kira."

Ƙarfe uku saura suka taru a ɗakin gadi. Sajan ya ɗauko Kolyo, ya zaunar da shi a kan benci. Velin Manchev ya iso da fayil a hammata, takalminsa na ƙyalli kamar kullum.

"Ina fata ba za mu daɗe ba, Sufeto. Ina da rahoton rubutawa."

"Ba za mu daɗe ba. Bara an yi wa bangon nan babban gyara. Wa ya tsara?"

"Ni."

"Wa ya sa hannu cewa ya yi kyau?"

"Ni. Har lambar yabo aka ba ni, in kina son sani."

"An ce wata mai zuwa za ka koma Sofiya, babbar kujera."

"Ban ga abin da ya haɗa wannan da mutuwar tsoho ba."

Rumyana ta sunkuya ta ɗauki wayar wutar akwatin.

"Na gaya miki ya lalace."

"To ba abin da za mu rasa."

Ta jona. Wata 'yar koriyar fitila ta kama. Ta buga lambar ofis, ta ɗora wayarta a bakin lasifika, akwatin kuwa ya soma gunaguninsa garau, ba shaƙewa, ba tari. Kowa ya yi tsit har ya gama. Minti bai cika ba wayar ta yi ƙara, ta buɗe murya don kowa ya ji.

"Na bakwai ya wuce jan layi da nisa!" Bistra ce, kusan ihu take. "Na shida ma ya soma bin sa. Saƙo ya riga ya tafi Sofiya. Sun ce a buɗe ƙofofin ƙasa yanzu-yanzu a rage ruwa!"

Kolyo ya miƙe zumbur, fuskarsa ta yi fari. "Na shida ma? Jikokina suna ƙasan bangon nan!" Ya juya ga injiniyan. "Ka ce mini bututu ne ya toshe! Ka ce in na yi shiru ba za ka kai ƙarar awakina ba!"

"Me ka gani ran Talata, Kolyo?"

"Shi na gani! Farar motar ofis a kwana, shi a tsaye, ya ɗora waya biyu a kan rufin mota baki da baki kamar yana sa su sumbaci juna. Ina cikin itatuwa, ban yi zaton ya gan ni ba. Da yamma sai ga shi a gidana."

"Jeka buɗe ƙofofin," in ji Rumyana. "Ka san hannunsu."

Kolyo ya fita da gudu, ciwon baya ya warke.

Velin ya yi ƙoƙarin murmushi. "Maganar makiyayin da ya karya doka."

"Da maganar Bistra, da ta tura maka kiran sha huɗu ga Maris. Da akwatin da ka ce ya mutu. Da ƙararrawa." Ta kunna masa bugun nan uku. "Ba ka yi kiran a ɗakin nan ba, don ƙarar ruwa za ta hau kan ƙarar ruwan da ke cikin tsohon kiran. Sai ka hau kwana. Ka ji awaki a sama, amma ba ka damu ba. Kai ne ka tsaya gaban manya a Sofiya ka yi musu bayanin yadda waya ke haɗiye hayaniya. A takarda ka san abin, Injiniya. Ba ka taɓa zama ka saurara ba."

Ta miƙa hannu. "Kawo wayarka."

Bai miƙa ba. Ya zauna a kan bencin da Kolyo ya bari, ya ɗora fayil ɗin a gwiwa, ya daidaita gefensa da yatsa.

"Sati uku na roƙe shi," ya ce can. "Sati uku kawai. In na kama aiki a Sofiya, ni da kaina zan turo a gyara, ba wanda zai ji. Biyar da rabi ya kira ni ya ce na bakwai ya haye, in zo in gani. Na zo. Na ce ya cire waya ɗaya daga bayan akwati, ɗaya tak. Ya ce shi bai koya wa akwatinsa ƙarya ba. Ya ce ba zai ma jira bakwai ba, yanzu zai kira."

"Sai?"

"Na fizge wayarsa ta hannu na fita. Ya biyo ni kan gada, ko kwat bai saka ba. Ya riƙe ni, na ture shi. Ƙarfen wurin gajere ne. Ban yi niyya ba."

"Ka shiga ruwa ka cece shi?"

Ya sake daidaita gefen fayil ɗin.

"Ka kira taimako?"

"Bakwai ta kusa," ya ce da wata 'yar ƙaramar murya.

A ƙasa aka ji ƙofofin sun buɗe, rurin ruwa ya ninka har gilashin taga na kaɗawa. Rumyana ta daɗe tana wannan aiki, ta ga masu kisa don fushi da masu kisa don yunwa, amma wannan da ya duba agogo mutum na nutsewa ya ba ta ƙyama.

"Kwat ɗin fa? Me ya sa ka ninke?"

Ya ɗago da mamaki na gaske. "A ƙasa na same shi, a yashe. Ai ba wanda zai bar riga haka."

"Velin Manchev, na kama ka da laifin kisan Nayden Karov. Sajan."

Asen ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba suka bi ta kan gadar. Daidai inda aka tsinci kwat ɗin injiniyan ya rage tafiya, Sajan ya ce, "Wuce, yallaɓai, ba a tsayawa a nan," ya kai shi mota ya rufe ƙofa.

Kafin rana ta faɗi Rumyana ta kai wa Fada takardar da hannunta, ta tsaya a kansa har ya karanta. Daga nan ta wuce gidan mamaci da kwat ɗin a cikin leda.

"Gobe ƙarfe sha ɗaya, Lelya. A coci. Fada ya ce za a kaɗa ƙararrawa."

Tsveta ta zauna a hankali. "Bututun nasa?"

"Gaskiyarsa ce. Ana rage ruwan yanzu haka. Ba don ya ƙi cire waya ɗaya ba, da ban san abin da zai sami ƙauyen nan ba."

Tsohuwar ta karɓi ledar ta zaro kwat ɗin. Har yanzu a ninke yake tsaf, hannuwa a ciki. Ta kama shi ta wuya ta kaɗe da ƙarfi har ninkin ya warware, ta wurga shi kan kujerar da ke bakin murhu. Ya sauka a karkace, hannu ɗaya na jan ƙasa.

Ta tsaya tana kallonsa. Sai a lokacin kuka ya zo mata.